Layi Ya Koma Cikin Waya: Nazarin Inganta Intanet Marar Waya a Dandalin Shaƙatawa na Walt Disney World

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda aka shimfiɗa intanet marar waya, aka kuma yi ta inganta ta, a dandalin shaƙatawa na Walt Disney World da ke jihar Fulorida ta Amurka daga shekarar 2012 zuwa 2024, da irin sauyin da hakan ya kawo wa mai ziyara. An bi tarihin tsarin bin layi a dandalin, aka auna shi da ra'ayoyin masana zamantakewa da suka yi rubutu a kan wuraren Disney. Nazarin ya gano cewa babban amfanin da kamfanin ya ci daga wannan aiki shi ne ɗauke layi daga ƙasa zuwa cikin waya, inda ake iya ƙidaya shi, a sarrafa shi, daga bisani kuma a sanya masa farashi.

Fitilun Kalmomi: Dandalin Shaƙatawa, Intanet Marar Waya, Wayar Hannu, Layi, Jigo

1.0 Gabatarwa

Daga watan Oktoba na 2021 zuwa tsakiyar 2024, ranar mai ziyara a Walt Disney World takan fara ne da ƙarfe bakwai na safe a ɗakin masauki, tun ba a buɗe ƙofar dandalin ba. A daidai wannan lokaci kamfanin yake buɗe damar kama gurbi a manhajarsa. Wanda ya makara da 'yan mintuna, ko kuwa intanet ɗinsa ta yi nauyi, yana iya tarar da an kwashe guraben abin hawan da ya fi marmari, ko a ba shi lokacin da sai dare ya yi. Magidanci ya biya kuɗin jirgi da na masauki da na tikitin iyalinsa, amma daɗin ranar ya rataya a kan saurin yatsansa da ƙarfin sadarwar da ke ɗakin.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: yaya aka yi wurin da aka gina shi musamman domin ya raba mutum da duniyar waje ya koma wurin da ba ya moruwa sai da waya a hannu?

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

An yi amfani da "dandalin shaƙatawa mai jigo" domin bambanta irin wannan wuri da filin wasa na gama-gari inda ake jera lilo da sauran kayan wasa ba tare da wata alaƙa tsakaninsu ba. Kalmar jigo a nan tana ɗauke da ma'anar da manazarta adabi suka san ta da ita. Kowane sashe na dandalin yana da labarin da yake bayarwa, kuma gine-gine da kiɗa da tufafin ma'aikata da abinci duk warwarar wannan jigo suke yi. "Intanet marar waya" kuwa ta haɗa hanyoyi biyu: Wi-Fi da kamfanin ke rarrabawa kyauta, da kuma sadarwar kamfanonin wayar salula.

Sai kalmar "layi". Hausa ta aro ta daga Ingilishi, ta kuma ba ta aiki fiye da ɗaya: akwai layin da ake bi a jira, akwai kuma layin da ake sa wa waya. Abin sha'awa, tarihin da za a bayar a nan tarihi ne na yadda ma'ana ta farko ta shige cikin ta biyu.

2.0 Dandalin da Aka Killace

Lokacin da Walt Disney ya buɗe Disneyland a Anaheim ta jihar Kalifoniya a watan Yuli na 1955, ya sa an kewaye wurin da tudun ƙasa domin kada wanda ke ciki ya hango titi ko mota. Da otal-otal da shagunan wasu suka cika bakin dandalin, sai ya ƙudura kada haka ta sake faruwa. Shi ya sa a tsakiyar shekarun 1960 kamfanin ya sayi fili fiye da eka 27,000 kusa da Orlando, inda aka buɗe Magic Kingdom ranar 1 ga Oktoba, 1971. A can har hanyoyin ma'aikata aka yi a ƙarƙashin dandalin, domin kada a ga mai tufafin wani jigo yana ratsa sashen wani jigon.

Wannan killacewa ta ja hankalin masana. Jean Baudrillard da Umberto Eco sun yi magana a kan yadda kwaikwayo yake neman ya fi ainihi armashi a Disneyland. Clifford Shearing da Philip Stenning, a tsakiyar shekarun 1980, sun nuna cewa Disney World tana sarrafa taro ba tare da an ga ɗan sanda ba: shinge da furanni da murmushin ma'aikaci su ne ke juya mutum, shi kuma yana bi da yardarsa. Alan Bryman, a littafinsa na 2004, ya bayyana yadda salon Disney ya bazu zuwa kasuwanni da gidajen abinci na duniya. Duk waɗannan rubuce-rubuce sun riga wayar komai-da-ruwanka, wadda ta fara yaɗuwa bayan 2007. Tudun ƙasa yana tare ido, amma ba ya tare saƙon ofis ko labarin duniya da ke shigowa ta aljihu. Kamfanin yana da zaɓi biyu: ya yi yaƙi da wayar, ko ya mayar da ita ma'aikaciyarsa. Ya zaɓi na biyu.

3.0 Wahalar Rarraba Intanet a Cikin Taro

A shekarar 2012 aka fara ba da Wi-Fi kyauta a Magic Kingdom, sauran dandula uku suka biyo baya. A 2013 kuma kamfanin AT&T ya zama abokin hulɗar Disney a fannin sadarwar salula, aka dasa ƙananan eriyoyi masu yawa a cikin wuraren. Mai karatu yana iya ɗauka cewa aikin bai wuce na ƙara yawan na'urori ba. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya.

Wi-Fi ta asali tana aiki ne a zangon gigahaz 2.4. A Amurka wannan zango yana da tashoshi 11, amma uku ne kawai daga cikinsu ba sa hawa kan juna, wato ta 1 da ta 6 da ta 11. Bugu da ƙari, ƙa'idar Wi-Fi ita ce kowace na'ura ta saurara tukuna, idan ta ji wata tana magana ta jira. Ke nan tashar tamkar zaure ce da mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. Idan aka ƙara na'urorin rarrabawa barkatai a tasha ɗaya, sai su riƙa jin junansu, kowace ta yi shiru tana jiran 'yar'uwarta, sadarwar ta ƙara nauyi maimakon ta yi sauri. Maganin da injiniyoyi suka sani shi ne a rage ƙarfin kowace na'ura, a yi amfani da eriya mai fuskantar gefe ɗaya, a yanka fili zuwa ƙananan yankuna, sannan a tura wayoyin da za su iya zuwa zangon gigahaz 5 mai tashoshi da yawa. Ƙarin sarari ya samu a watan Afrilu na 2020, lokacin da hukumar sadarwar Amurka ta buɗe zangon gigahaz 6 ga irin waɗannan na'urori.

Dandalin shaƙatawa yana da wasu matsalolin da filin wasan ƙwallo ba shi da su. A filin ƙwallo an san kujerar kowa. A dandali taron yawo yake: da rana ya watsu, da dare kuma dubban mutane su dunƙule a gaban fadar Cinderella domin kallon wasan wuta, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka yana aikawa. Jikin ɗan Adam, da yake mafi yawansa ruwa ne, yana shanye wani ɓangare na siginar, don haka cunkoson da ya fi buƙatar sadarwa shi ne kuma ya fi toshe ta. Ga zafi da laima da tsawar Fulorida da kayan aikin za su jure a waje. A kan duk wannan akwai sharaɗin jigo: ba a yarda a ga eriya a titin da ake kwaikwayon garin Amurka na farkon ƙarni na 20 ba. Dole a ɓoye ta a jikin gini ko cikin kayan ado, ko a shafe ta da launin da ido ba ya tsayawa a kansa. Magic Kingdom kaɗai ta karɓi baƙi wajen miliyan 21 a 2019. Kamfani ba ya ɗaukar irin wannan ɗawainiya domin baƙo ya aika wa ƙanwarsa hoto kawai. Ruwa ba ya tsami banza.

4.0 Daga Takarda zuwa Munduwa zuwa Waya

Yana da kyau a gyara wani zato tun daga nan. Masu kukan abin da ya faru sukan yi magana kamar tun asali kowa daidai yake a layin Disney. Tarihi bai nuna haka ba. A shekarun farko ana sayen ɗan littafin tikiti ne mai rukuni daga A zuwa E, kuma manyan abubuwan hawa suna cin tikitin E mai tsada. Sai a 1982 aka soke wannan tsari, tikitin shiga ɗaya ya wadatar da komai. Daga nan ne layi ya zama ma'aunin adalci guda: wanda ya riga zuwa shi ke riga hawa, mai kuɗi da talaka ƙafa ɗaya suke tsayawa.

A 1999 aka shigo da FastPass. Mai ziyara yana zuwa bakin abin hawa, ya sa tikitinsa a na'ura, ta ba shi takarda mai ɗauke da sa'ar da zai dawo ya shiga ta gajeren layi. Kyauta ne, kuma sai mutum ya taka da ƙafarsa ya je. A watan Janairu na 2013 kamfanin ya sanar da shirin MyMagic+, wanda rahotanni suka ce ya ci kusan dala biliyan ɗaya. Ginshiƙansa uku ne: manhajar My Disney Experience, da tsarin FastPass+, da wata munduwar roba mai suna MagicBand. Munduwar tana buɗe ɗakin otal, tana zama tikitin shiga, ana kuma biyan kuɗi da ita. A cikinta akwai guntun na'urar da ake karantawa idan an taɓa ta a jikin ma'auni, akwai kuma ƙaramin rediyo mai batir da ke aika sigina a zangon gigahaz 2.4, wanda ake iya ji daga nesa. Da wannan ne, a wancan lokaci, a gidan abinci na Be Our Guest ma'aikaci yake kawo wa baƙo abincinsa a teburin da ya zauna ba tare da ya tambayi sunansa ba.

FastPass+ ya kawar da takarda a farkon 2014. A wancan lokaci mutum yana zaɓar abubuwan hawa uku tun yana gida: kwana 60 kafin zuwa idan a otal ɗin Disney zai sauka, kwana 30 idan a wani wuri ne. Har zuwa lokacin ba a karɓar ko sisi, amma an riga an yi rabo biyu. Wanda ya sauka a otal ɗin kamfani ya riga kowa da wata guda, wanda kuma ya zo ba shiri ya tarar an raba gurabe tun bai san da zancen ba. A nan ne buƙatar Wi-Fi ta fito fili, domin sauya lokaci da duba tsawon layi da neman gurbi na huɗu duk a waya ake yin su, a tsakiyar dandali.

Matakin kuɗi ya fara ne a Kalifoniya. A 2017 Disneyland ta fito da MaxPass, inda ake biyan dala 10 a rana domin a kama gurbi ta waya maimakon tafiya wurin na'ura. A wannan shekara aka fara odar abinci ta manhaja a Fulorida. A watan Disamba na 2019, da aka buɗe Rise of the Resistance, ba a yi masa layin tsayuwa ba sam: ana shiga rukuni ne ta manhaja, kuma guraben yini sukan ƙare cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Annobar korona ta rufe dandulan a watan Maris na 2020, kuma da aka sake buɗewa a Yuli ba a dawo da FastPass+ ba. Abin da ya maye gurbinsa a watan Oktoba na 2021 shi ne Genie+, a kan dala 15 ga kowane mutum a rana, sannan manyan abubuwan hawa ana sayen gurbinsu daban. Bayan shekara guda farashin ya koma mai hawa da sauka, har yakan haura dala 30 a ranakun cunkoso. A 2021 ɗin aka daina ba baƙin otal munduwa kyauta, aka kuma ba waya damar yin aikinta. A watan Yuli na 2024 aka sake wa tsarin suna da fasali, aka dawo da kama gurbi kafin ranar zuwa, amma biyan kuɗi ya zauna.

Idan aka jera matakan za a ga kowannensu ya dogara da wanda ya gabace shi. Da ba a shimfiɗa sadarwar ba, da ba a saba wa jama'a da manhaja ba. Da ba su saba ba, da sayar musu da gurbi ya yi wuya.

5.0 Lissafin Layi

Abin da manhaja ba ta iya sauyawa shi ne yawan mutanen da abin hawa ke ɗauka a sa'a. A ƙaddara wani yana ɗaukar mutum 1,500 a sa'a guda. Idan layi ɗaya ne, wanda ke da mutum 500 a gabansa zai jira minti 20. Idan aka ware wa masu gurbi kujeru 1,000, saura 500 ke nan ga layin tsayuwa, kuma wancan mutumin zai jira sa'a cur. Lokacin da aka rage wa wani, daga wuyan wani aka cire shi. Akwai kuma abu na biyu: mai gurbi ba ya zama wuri ɗaya yana jira. Yana iya shiga wani layin, wato mutum ɗaya a layi biyu, ko ya shiga shago ko gidan abinci. Wanda ke tsaye a layi ba ya sayen komai, kuma wannan dalili ne babba da ya sa kamfani ke son ya sake shi.

David Maister, a rubutunsa na 1985 kan halayyar masu jira, ya lura cewa jiran da babu abin yi a cikinsa ya fi tsawo a zuciya, haka ma jiran da ba a san iyakarsa ba, haka kuma jiran da ake ganin babu adalci a cikinsa. Waya ta magance biyun farko: ga abin kallo, ga adadin mintuna a allo. Na ukun kuwa ta ƙara masa zafi, domin wanda ke tsaye yana ganin wasu suna wuce shi ta ɗaya ƙofar, ya kuma san kuɗi ne ya wuce da su. A ganin mai wannan nazari, nan ne asarar take, kuma asara ce ta martabar tikiti: mutum ya biya ya shiga, sannan ya gane akwai wata ƙofar a ciki. Shugaban kamfanin na lokacin, Bob Iger, bayan ya dawo kan kujerarsa a ƙarshen 2022, ya amince a 2023 cewa an ɗan wuce gona da iri wajen wasu farashin.

Sai dai adalci ne a faɗi cewa tsarin ya amfani wasu ƙwarai. Iyaye masu ƙananan yara da tsofaffi da masu zuwa na kwana ɗaya tak sun samu hanyar kauce wa tsayuwar sa'o'i a rana.

6.0 Waya da Jigo

Mutumin da ya sunkuyar da kai yana neman gurbi ba ya ganin ginin da aka kashe shekaru ana ƙawata shi. Kamfanin ya san da wannan, ya kuma nemi ya shigar da wayar cikin labarin. A 2018 ya fitar da manhajar Play Disney Parks mai wasannin da ake yi a layi. A sashen Galaxy's Edge da aka buɗe a 2019, allunan suna ɗauke da rubutun ƙirƙira na finafinan Star Wars, kuma wayar baƙo ce ke fassara masa su. Masu nazarin harshe za su ga abin lura a nan: an ƙirƙiro jahilci da gangan domin a ba na'ura aikin tafinta.

Akwai kuma inda aka taka wa wayar birki. A ƙarshen watan Yuni na 2015 Disney ta hana shiga da sandar ɗaukar hoto a dandulanta na Amurka saboda haɗarinta a kan abubuwan hawa. Maƙwabciyarta Universal Orlando, a wannan shekara, ta girke na'urorin gano ƙarfe a bakin wasu jiragen wasanta masu tsananin gudu, bayan da wasu abubuwa da suka suɓuce suka raunata baƙi a 2011. A can sai mutum ya ajiye wayarsa a akwati kafin ya hau.

7.0 Sawun Baƙo da Nauyin da Aka Ɗora Masa

Tun a watan Janairu na 2013 ɗan majalisar wakilan Amurka Edward Markey ya rubuta wa Iger wasiƙa yana tambayar abin da za a yi da bayanan yara da munduwar za ta tara. Iger ya mayar da martani mai zafi, ya ce shiga tsarin ganin dama ne kuma ba za a yi amfani da bayanan wajen tallata wa ƙananan yara kaya ba. Tambayar ba ta mutu ba. Abin da Shearing da Stenning suka gani a shinge da furanni yanzu ya koma allo: manhaja tana ba da shawarar inda za a nufa, shawarar kuma tana taimaka wa kamfani ya kwashe taro daga inda ya cushe zuwa inda babu kowa. Baƙo yana ɗauka hidima ake yi masa, kuma hidimar ce, amma shi ma juya shi ake yi.

Batun ganin dama kuwa yana buƙatar a tsaya a kansa. Gaskiya ne ba a tilasta wa kowa ya sauke manhaja, kuma akwai ma'aikatan da ke taimaka wa wanda ba shi da waya. Amma idan gurbi yana ƙarewa kafin mutum ya isa gaban ma'aikacin, zaɓin ya zama na baka kawai. Ayyukan da a da ma'aikaci ke yi, kamar ba da taswira da karɓar odar abinci da raba takardar gurbi, yanzu baƙo ke yin su da na'urar da ya saya da kuɗinsa. A kowane iyali akan samu mutum ɗaya da ya zama magatakardan tafiya, wanda hutunsa ke ƙarewa a lissafin sa'o'i. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa, wanda layinsa ba ya aiki a Amurka ko kuɗin amfani da shi ya yi masa yawa, ya dogara kacokan ga Wi-Fi ɗin dandalin, kuma duk inda ta yanke, shi ma ya yanke.

Manhajar da ke aiki da taswira da sadarwa tun safe, a cikin zafin rana, tana cinye batir kafin la'asar. Wayar da ta mutu ta tafi da tikiti da gurbi da odar abinci gaba ɗaya. Tun 2016 aka girke na'urori a cikin dandulan masu sayar da ƙaramin batirin caji na FuelRod, wanda ake musanya shi da cikakke idan ya ƙare.